"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar": ina iyakar wannan karin magana?

Malamin Hausa mai ritaya: Assalamu alaikum. Yadda muka gaji wannan magana, ana faɗa wa uban da ɗansa ya lalace ne, ko dangin da ɗan'uwansu ya jawo musu abin kunya, domin a tuna musu cewa lalacewar naka ba ta sauke maka nauyinsa. Na ɗauko ta ne saboda tarihin Gilma Jiménez, 'yar siyasar Kolombiya wadda ta yi kansila a birnin Bogota, aka zaɓe ta sanata a 2010, ta rasu a 2013. Ta ƙarar da ƙarfinta wajen neman a riƙa yanke ɗaurin rai da rai ga masu yi wa yara fyaɗe da masu kashe su, alhali sashe na 34 na tsarin mulkin ƙasar na 1991 ya haramta irin wannan hukunci. Shin karin maganar tana ƙaryata matsayinta, ko kuwa ba ta shafe shi ba?

Ɗalibin shari'a: Wa alaikumus salam, Baba Malam. A ganina ta shafe shi, domin kusan abin da kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke ke nan. Amma a bambanta hukunci biyu. A 2010 kotun ta rushe dokar ƙuri'ar raba-gardama da Gilma ta tara wa sa hannun jama'a, kuma dalilin shi ne kurakuran da aka yi wajen bin ƙa'ida, ba ainihin hukuncin ba. Bayan rasuwarta majalisa ta gyara tsarin mulki a 2020, zamanin Shugaba Iván Duque, ta halatta ɗaurin rai da rai da sharaɗin a sake duba shi bayan shekara 25, har aka sa wa dokar aiwatarwa ta 2021 sunanta. A watan Satumba na shekarar 2021 kotun ta soke gyaran, tana mai cewa ya taɓa mutuncin ɗan Adam, kuma ƙasa ba ta da ikon fidda tsammani daga gyaruwar ɗanta ko da ya aikata mafi munin laifi.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a: Ƙanena, bayaninka na shari'a daidai ne, sai dai ban yarda a ɗora wannan karin magana a kansa ba. A bakin aikinmu ba daga alƙali muke jin ta ba, daga dangi muke jin ta, a daidai lokacin da ake lallashin uwar yarinya ta janye ƙara saboda wanda ya yi ɓarnar kawu ne ko mijin uwa. Ana kiran mai laifin hannu, ita kuwa yarinyar da aka cuta ba a tuna cewa jikin nan ɗaya ya haɗa su. Abin da ya ƙara wa yunƙurin Gilma ƙarfi a 2008 shi ne kisan wani jariri ɗan wata 11 a garin Chía, kusa da Bogota, wanda shari'a ta tabbatar cewa mahaifinsa ne ya kitsa. Wanda zai ce wa uwar wannan jariri hannunta ba ya ruɓewa, ya fara gaya mini wane hannun yake nufi. Kuma tsarin mulkin da ka ambata, sashe na 44 nasa ya ce haƙƙin yara yana gaba da na kowa.

Malamin Hausa mai ritaya: Hajiya, kin taɓo wurin da nake so. Magabata ba su yi wannan magana don a ɓoye laifi ba. Uban da ya kai ɗansa ɓarawo gaban alƙali da kansa, sannan ya ci gaba da kai masa abinci gidan yari, shi ne ya yi aiki da ita yadda ya kamata. Abin da ta hana shi ne yarwa, ba horo ba.

Ɗalibin shari'a: To, Baba, in haka ne mun dawo kan tambayar da ta raba Gilma da kotun: ɗaurin da ba shi da ranar fita, horo ne ko yarwa? Masu sukarta sun daɗe suna cewa tsananin hukunci ba ya tsorata mai laifi matuƙar yawancin ƙararrakin ba sa kaiwa ga yanke hukunci.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a: Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ita ce ma ta fi damuna, domin ƙarar da dangi suka kashe a zaure ba ta isa gaban alƙali balle a yi gardamar yawan shekarun da za a yanke.