Gwiwar Umma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, don Allah ku ba ni shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sani ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Maganar mahaifiyata ce, shekararta 63. Shekara huɗu ke nan tana fama da ciwon gwiwa, ta dama ta fi tsanani. Abin ya soma ne bayan rasuwar Babanmu, da ta koma gidan babban Yayanmu aka ba ta ɗaki a saman bene. Tun a lokacin na ce a ba ta na ƙasa, matar Yaya ta ce ai nan ne masaukin baƙin maigida. Aka yi ta ka-ce-na-ce har sai da ƙanwar Umma ta zo daga Gumel ta shiga tsakani, ni kuma aka ce na cika shisshigi, na yi wata biyu ban taka gidan ba. Ba wannan ya kawo ni ba, don dai ku san yadda nake ji ne.

Yanzu in ta tashi da asuba gwiwar a sanƙare take, sai ta ɗan motsa kafin ta sake ta. In ta miƙe har ƙara ake ji ƙurus-ƙurus. Zaman tahiya ya gagara, in ta kai ƙasa sai an kama ta. Akwai wani mai kemis a layinsu da yake haɗa mata magani, ƙwaya huɗu a ƙulli, in ta sha sai ta warware kamar ba ita ba. Watan jiya na matsa muka je asibiti aka yi hoto. Likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya zaizaye, ya rubuta na shafawa da farasitamol, ya ce ta rage jiki, ya tura mu wajen gashin ƙashi. Zuwa biyu muka yi ta ce ita ta gama, wai sun maida ta ƙaramar yarinya da ɗaga ƙafa da saukewa. Ga shi Yaya ya biya mata Umara, saura wata uku. Shi ya ce a yi mata allura a gwiwar, ƙanwarta ta ce ƙaho. Ni wanne zan bi?

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Umma lafiya. Ni dai maganar benen nan ce ta tsaya min a rai. Haka aka yi wa surukata, aka kai ta sama don a ce an girmama ta, shekara guda ba ta sauko tsakar gida ba sai ranar da za a kai ta asibiti. Da na yi magana mijina ya ce ina son raba shi da 'yan uwansa. Har yau ba ma ga maciji da facalata a kan wannan.

Anti Nas: Maman Hanifa, shekarata 19 ina aiki a ɗakin masu ciwon ƙashi, saurare ni da kyau. Kin ba mu labarin bene tiryan-tiryan, abin da ya fi muhimmanci kuma kin tsallake shi. Tana da hawan jini ko suga? Tun yaushe take shan haɗin nan? Kin nuna wa likita ƙwayoyin, ko dai kin ce masa "tana ɗan shan magani" kawai? Sanƙarewar safiyar minti nawa take yi? In ba ta kai rabin awa ba, ga ƙara, ga shekaru, ga abin da hoto ya nuna, to zaizayewar gaɓa ce irin wadda ta cika kama mata bayan shekara 50. In kuwa tana wuce awa guda, kuma yatsun hannayenta biyu suna kumbura, wannan wani amosanin ne dabam, gwajin jini yake bukata, maganinsa ma dabam ne. Ni ba gwiwar ce ta fi tayar min da hankali ba, ƙullin nan ne.

Maman Hanifa: Anti, tana da hawan jini tana shan magani. Sanƙarewar ba ta wuce ta yi alwala ta idar da sallah. Yatsunta lafiya lau. Haɗin kuwa ya kusa shekara biyu, amma ba kullum ba ne da farko. Mai kemis ɗin mutumin kirki ne wallahi, tun zamanin Babanmu muka san shi, bashi ma yake ba ta. Kuma ai haɗin ya karɓe ta, har ƙiba ta yi fuskarta ta ciko.

Anti Nas: Innalillahi. Cikar fuskar nan ita nake gudu. Ban ga ƙwayoyin ba, amma irin wannan haɗin yawanci ba ya rasa diclofenac ko piroxicam, sannan a jefa dexamethasone ko prednisolone. Na farkon suna cin ciki har ya yi gyambo, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jini. Na biyun su ne masu kumbura fuska, su tayar da suga, su sa ƙashi ya yi rauni. Ba ƙibar lafiya ba ce. Kuma ki ji wannan: in har akwai irinsu a ciki kuma ta daɗe tana sha, ba a yanke su lokaci guda, jiki ya riga ya dogara da su, likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Gobe ki ɗauki ƙulli guda, ki sa mai kemis ya rubuta miki sunayen, ki koma wajen likitan. A gwada ƙoda da suga da yawan jini. In kin taɓa ganin bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin, kar ma ki jira gobe.

Alhaji Na-Fagge: Da girmamawa ga Anti, amma ku mutanen asibiti komai sai ku tsorata mutum. Ni shekarata 58, gwiwata ta hana ni hawa mashin, na yi sammako sau uku a wani asibiti, kati, layi, a ƙarshe yaro ƙarami ya dube ni minti biyar ya ce in rage tumbi. Kuɗin hoton ma sai da na ranta. Wanzami ya yi min ƙaho sau biyu, ina shafa man kaɗanya da ɗumi, alhamdu lillahi ina zuwa kasuwa. 'Yata, ki bi maganar ƙanwar mahaifiyarki, manya sun san abin da suke faɗa.

Anti Nas: Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Man kaɗanya da gashi da ruwan ɗumi ban hana ba, suna lafar da ciwo. Amma jinin da ƙaho ke zuƙa daga fata yake fitowa, guringuntsi kuwa yana can cikin gaɓa. Matar da ake zargin ta shekara biyu a kan dexamethasone, ba a ma san sugarta ba, a tsaga mata fata a kan gwiwa? Na yi jinyar wadanda ƙwayar cuta ta shiga musu gaɓa bayan tsaga. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ba ta takuwa, wannan a ranar ake kai ta asibiti, don kwanaki kaɗan sun isa gaɓar ta lalace.

Baban Khalifa: Ku daina wahalar da baiwar Allah. A canja gwiwar kawai. Kawuna an yi masa a Indiya, yau yana zuwa gona. Ba sai an fita waje ba ma, ku je Asibitin Ƙashi na Dala ku ga ƙwararru. Tunda Yayanku yana da kuɗin Umara ai yana da na aiki.

Maman Hanifa: Aiki kuma? Umma ko allurar zazzaɓi sai an yi da gaske. Kuma kuɗin Umarar adashi ne Yaya ya yi shekara biyu yana zubi, don Allah kar a yi masa mummunar fahimta.

Anti Nas: Baban Khalifa, ba a soma da wuƙa. Ana canja gwiwa ne in an gwada sauran hanyoyi wata da watanni ba su yi ba, ciwo yana hana barci da tafiya. Ita zuwa biyu ta yi gashi. Ɗaga ƙafar da ta raina shi ne maganin, naman gaban cinya ake ƙarfafawa don ya ɗauke wa gwiwa nauyi, kuma sai an yi kamar sati 6 zuwa 12 ana yi a kai a kai kafin a ga bambanci. Kilo ɗaya in ya ragu a jiki, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ta riƙe sanda a hannun hagu tunda ta dama ce ke ciwo. A sama mata masai na zama, ta bar tsuguno. A sauko da ita ƙasa. Allurar da Yayanku ke so tana da wurinta, amma sauƙinta na 'yan makonni ne, ba ta gyara guringuntsi, ba a maimaita ta ƙasa da wata uku, kuma likitan ƙashi ne kaɗai zai yi, ba mai kemis ba. In za a yi, a daidaita ta da lokacin tafiya. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi, ku shirya mata keken turawa tun yanzu.

Malam Abu Ammar: Game da sallah, kar Hajiya ta takura kanta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ta tsaya inda za ta iya, ta zauna a kujera ta yi nuni da sujada. Allah ya sa kaffara ne.

Maman Hanifa: Na gode Malam. Kujerar ce ba ta so, ta ce mutane za su ce ta tsufa. Sandar ma na san ba za ta riƙe ba. Anti, na ji duk bayananki, amma ku gane ba a gidana take ba. Ni ce na kai ta asibiti da kuɗina, ni ce kuma za a ce na hana ta maganin da take samun barci da shi. In na sake tayar da maganar ɗakin ƙasa sabon rikici ne. Ina ganin in bar ta ta ci gaba da haɗin zuwa ta dawo daga Umara, sai mu zauna.

Anti Nas: Wata uku, ga azabar tafiya da ƙarancin shan ruwa a kan ƙodar da ba a gwada ba? Bar maganar ɗaki, bar maganar sanda. Sunayen ƙwayoyi huɗun nan kawai nake so ki kawo.

Maman Hanifa: Zan yi magana da Yaya in ya dawo daga Legas.

Ummu Sadiq: Anti Nas don Allah ni ma bayana ne, ciwon yana saukowa har ɗan yatsan ƙafar hagu tun haihuwata ta biyar. Shi ma gashin za a yi?