Musayar Waƙa: 'Yan Ruwan Turai

Ɗan Masunci: Salamu alaikum, 'yan uwa. Yau mu leƙa Turai mu ga aljanun ruwansu. Sharaɗi ɗaya ne, kowane baiti ya tuƙe da "ruwa". Bismillah.

Dutsen Lorelai a kogin Rain na Jamus yake,
Mita 132 sama ya miƙe,
Budurwa na bisa, gashinta a sake,
Tana waƙa, matuƙa na faɗawa ruwa.

Mai jirgi in ya ɗaga kai ya duba,
Ya mance kwana, ya mance gaba,
Dutse ya ci katako, ba mai raba,
Kaya da mai kaya sun zama na ruwa.

Malamar Tarihi:

Sannu Malam, bari in gyara zance,
Yarinyar nan ba gadon kakanni ba ce,
Marubuci Brentano ya ƙago ta, 1801, a rubuce,
Dutsen ya daɗe yana cin jirgi a ruwa.

A 1824 mawaƙi Heine ya ba ta matajin zinare,
Jamusawa suka rera, waƙa ta ɗore,
Amma kogin a nan ne ya matse ya tsare,
Ga zurfi, ga igiya, laifin na ruwa.

Ɗan Masunci: Na karɓi gyara, Malama. Amma kin kashe min budurwa da rana tsaka!

Baban Yara:

A Sikotlan doki ne, Kelfi sunansa,
Yana kiwo bakin gulbi, ba linzami a kansa,
Yaro ya shafa, hannu ya manne jikinsa,
Sai ya zabura da shi can ƙasan ruwa.

A Lankasha ta Ingila kuwa tsohuwa ce, Jeni,
Koren haƙori, dogon hannu, ga muni,
Ganye kamar kainuwa ya rufe tafki, ka gani,
Yaro ya zaci fili ne, ya taka, ashe ruwa.

Ni dai na ce dabarar iyaye ce,
Dodo aka kafa don yaro ya kauce,
Uwa ba ta da shinge, sai ta ce:
"Jeni na jiranka, bar bakin ruwa!"

Uwar Ɗaki:

Baban Yara, ba duka ne tsoratarwa ba,
Je tsibiran Okni na Sikotlan ka tsaya ka duba,
Selki, dabbar teku mai rikiɗa mace, ta tuɓe fatarta ta ajiye a gaba,
Namiji ya ɗauke, ya raba ta da ruwa.

Ya aure ta, ya ɓoye fatar a akwati,
Ta haifa masa 'ya'ya, ta yi girki da shara da wanki,
Ran da ta ga fatar ba ta tsaya sallama ba, Yaya,
Ta bar tuwo a wuta ta koma ruwa.

(Amsa-amon ya ƙwace min a baiti na biyu, haushin mutumin ne.)

Melusin ta Faransa roƙo ɗaya ta yi,
Ran Asabar kar miji ya leƙa bayi,
Ya leƙa ya ga wutsiyar maciji, ya yi bi-ta-da-ƙulli,
Wa ya karya alkawari, shi ko 'yar ruwa?

Baban Yara: Yaya, wannan tambaya ta fi ƙarfina. Na ajiye alƙalami.

Autan Zaure:

Ku manya kun yi zafi, ga nawa ɗan kaɗan,
Bodnik na ƙasar Cek, kore ne ɗan tsohon nan,
Ran wanda ya nutse yana cikin kofin tangaran,
Ya rufe da murfi, ya jera a ƙasan ruwa.

Ɗan Masunci: Auta, daga yau in an miƙo min shayi da murfi, sai na leƙa tukuna.