Tun la'asar ɗin Lahadi gabana yake fara faɗuwa

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum. Shawara nake nema, don Allah ban da zolaya. Shekarata uku ina aiki a wani banki a Kano, ɓangaren nemo masu ajiya, kuma na kwantiragi ne. Duk wata akwai adadin kuɗin da aka ɗora mini in shigo da shi. Na zagaye Kwari da Singa da Wambai har wasu 'yan kasuwar sun fara cewa yaransu su ce ba sa nan in sun hango ni. Kowace Litinin manaja yana karanto sunan kowa da abin da ya kawo a gaban mutane. Tun la'asar ɗin Lahadi gabana yake faɗuwa. Ƙarfe biyun dare nake farkawa ina lissafi, barcin bai komowa. Shekaranjiya yarona ɗan shekara huɗu ya zubar da shayi, na daka masa tsawar da ta sa ya ruga bayan uwarsa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. In ajiye aikin ne? Ga haya, ga mahaifiyata.

Baba Sale:
Ɗana, kada ka saki reshe ka kama ganye. Neman aiki a ƙasar nan ka san yadda yake. Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka nemi yaron ka rarrashe shi yau ɗin nan. Allah ya kawo sauƙi.

Anti Nas:
Baba ya faɗi gaskiya, amma addu'a ba ta hana shan magani. Ƙanena, shekarata 16 a aikin jinya, irinka nawa na gani an kawo su da hawan jini suna da shekara talatin da 'yan kai. Fara da awon jini gobe, ko a kemis ne, mintuna biyu ne. Sannan ka ga likita ka gaya masa maganar barcin da faɗuwar gaban kamar yadda ka rubuta a nan, kar ka ce masa zazzaɓi. Asibitin Malam Aminu Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Matsalar mutanenmu, da an ambaci wannan sai tunaninsu ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da masu tsince-tsince a bola, alhali yawancin masu zuwa da rigarsu a goge suke zuwa, su koma ofis. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin wannan gajiyar da matsin aiki ke jawowa a cikin kundinta na matsalolin lafiya. Abin da nake roƙonka: kada wani abokin aiki ya ba ka ƙwayar barci ko tiramadol ya ce ita yake sha. Daga nan ake zarcewa.

Tsohon Ma'aikaci:
Na yi irin aikinka shekara biyar. Ni abin da ya cinye ni guruf ɗin WhatsApp na ofis ne, sha ɗayan dare ana turo jadawalin wanda ke ƙasa. Sai na koma kashe data da na idar da isha'i. Oga ya yi fushi sati ɗaya, ya gaji ya bari. Hutun shekara kuma ka nema a rubuce, da baki ba sa bayarwa. Ka fara cigiyar wani aikin tun kana ciki. Sai da na samu wurin zuwa sannan na miƙa takarda.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, na auna da safe, 150 bisa 95. Mai kemis ya ce in sake aunawa kwana uku a jere in kai wa likita. Yaron kuwa mun shirya, biskit ɗaya ya kashe maganar. Anti, sai na karɓi takarda daga ƙaramin asibiti kafin su gan ni a asibitin Malam Aminu Kano, ko kai tsaye ake zuwa?