Filin bakin mayo (kogi): a saya a cike shi ko a haƙura?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. An nuna min fili a Marwa ta Kamaru baya kaɗan da kogin Mayo Tsanaga, kuɗinsa bai kai rabin na cikin gari ba, dillali yace ruwa bai taɓa hawa wajen ba. Ni dai a ganina babu filin da ciko da siminti basa gyarawa, ka zuba tifa goma ta jar ƙasa ka ɗaga fandisho shikenan, tsoron ruwa ne kawai yake barin talaka a gidan haya har ya tsufa

Kawu Magini: Wa alaikumus salam. Ɗana wane wata ka je ka gani?

Baban Ummi: Satin da ya wuce Kawu

Kawu Magini: Wato a Maris. To ai yanzu mayo rairayi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki mata na tona rami suna ɗibar ruwa, kowane fili salihi ne da rani. Tsanaga daga duwatsun Mandara yake gangarowa ta wajen Mokolo, sai a kwana ana ruwa a can ku a Marwa ko yayyafi babu, kafin hantsi ya cika baki da baki. Kuma ba hawa kaɗai yake ba, cin gaɓa yake ta ƙarƙashi, ka je ka duba itatuwan bakin wajen in ka ga saiwa a waje tana lilo to ƙasar da ta rufe ta mayo ya tafi da ita, ciko me zai yi ma wannan

Alhaji Ƙarami: Ni kam ina bayan Baban Ummi. Garwa ba a bakin Binuwai take ba? Kusiri fa? In kowa zai guji ruwa sai a tashi garuruwan nan duka. Maƙwabcina ya cike nashi ya ɗaga gida hawa biyar na matakala, shekara nawa yanzu ko tabarma bata jiƙe ba

Maman Sadiya: Alhaji ruwan da ya kora ina ya tafi? Gidan na kusa da shi ai

Alhaji Ƙarami: Shima ya cike nashi mana Hajiya

Ɗan Kusiri: Haka muka riƙa faɗa kafin 2022. Mu abin da ya bamu mamaki damina ma ta ɗauke, a Oktoba rana tsaka ana zafi kogunan Logon da Shari suka kawo, a ƙetare Njamena unguwannin Waliya da Tukra kwalekwale ake shiga. Wanda ya ɗaga gida ɗakinsa ya tsira gaskiya ne, amma ya zama tsibiri, ba hanyar kasuwa ba ta asibiti, shadda ta cika ta tumbatsa ta haɗe da rijiya, mutum na zaune a busasshen ɗaki ba ruwan da zai sha. Yagwa ma sun ga nasu a 2024, Garwa da kake misali da ita ka tambaye su 2012 lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo

Maman Sadiya: Maganar rijiyar nan ita ce ni tawa. Filin da muka saya shafaffe tas, ashe tsohuwar bola ce aka rufe da ƙasa, gefe kuma da can garejin motoci ne. Da aka zo haƙa rijiya tun kafin a yi zurfi leda ce ke fitowa da fasassun batura da ƙasa baƙa mai warin baƙin mai, ruwan da muka samu in ya kwana a bokiti sai ka ga maiƙo a sama kamar miya. Muka rufe ta, har yau a jarka muke saye. Wata tsohuwa a layin tace min ƴata da kin tambaye ni ai da na gaya miki kyauta

Malam na Lise: Ku bari in sa baki ta fannin doka. Dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 ta hana gini a wajen da ke da haɗarin ambaliya ko zaizaya, kuma takardar lawan ko jauro shaidar ciniki ce, ba titir fonsiye (takardar mallakar fili ta gwamnati) ba ce. Baban Ummi ka leƙa meri (ofishin magajin gari) da kadastir (ofishin safiyon filaye) tukuna, kar ka gama gini a zo a shafa maka jan fenti

Alhaji Ƙarami: Malam in dokar nan za'a bi rabin Marwa rusau ne

Malam na Lise: Ban musa ba Alhaji, amma ran da aka tashi rusawa ba rabin gari ake tambaya ba, mai gidan ake tambaya

Kawu Magini: Wani abu kuma, ƙasar wane iri ce? In baƙa ce mai tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, karal kenan, ta noman muskuwari, dawar rani. Tana kumbura da damina ta motse da rani, bango ya riƙa tsagewa daga kusurwar taga. Ana gini a kai amma rodi da kankaren da zata ci sai sun cinye rarar da kake murna da ita

Baban Ummi: Baƙa baƙa ce kam Kawu, kuma na lura katangar gidan kusa akwai wani zane daidai gwiwa, ƙasa da shi launin daban, na ɗauka fenti ne ya ƙare musu

Ɗan Kusiri: Hhhh fentin Agusta kenan

Baban Ummi: Ni har yanzu ban sauka daga maganata ba, da kuɗi ana gyara fili. Matsalar dillali yace in kawo kafin alƙalami kafin Juma'a akwai wani mai so

Kawu Magini: Kullum akwai wani mai so. Kar ka bada ko dala, zo ka ɗauke ni a mashin gobe bayan la'asar, ka taho da diga mu tona mu gani, sannan mu gaisa da mai katangar nan