Yaro ya daina tambaya, sai hadda

Mai tambaya, Unguwar Rogo:
Malamai, yaya ake farfaɗo da son sani a zuciyar ɗan firamare?

Malam, Bukuru:
Hajiya, a 1994 wani masanin halayyar ɗan Adam, George Loewenstein, ya bayyana cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya hango giɓi a iliminsa. Wanda bai ɗanɗana ba, ba ya kwaɗayi. Ki ɗanɗana masa: me ya sa Jos ta fi Kano sanyi? Sai ya yi hasashe tukuna ki ambaci cewa Jos a kan tudu take.

Malama, Farin Gada:
Ki kuma jira aƙalla daƙiƙa 3 bayan tambaya. Gaggawar ba da amsa da tsawar "ka cika surutu" su ke rufe bakin yara, abin takaici.