Baba ya koma gidan kula da dattawa: shin yawan ziyararmu ne ke hana shi sabawa da mutane?

Autar Baba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hali. Watanni uku ke nan da mahaifinmu, mai shekaru 81, ya koma wani gidan kula da dattawa, irin wanda kowa yake da ɗakinsa da makullinsa, ma'aikata kuma suna taimaka wa mutum wajen wanka, da sa tufafi, da shan magani a kan lokaci. Ba a kwance yake ba. Tun bayan shanyewar ɓarin jiki da ta same shi bara yake dogara sanda, amma hankalinsa garau yake, kuma da yardarsa aka yi wannan ƙaura, bayan ya faɗi sau biyu cikin dare babu kowa a kusa.

Mu huɗu ne 'ya'yansa, kuma tun ranar farko muka raba kwanaki a tsakaninmu, ta yadda kusan kullum akwai wanda yake tare da shi daga hantsi har zuwa la'asar. Mun ɗauka iyakar abin da ya kamata ke nan muke yi. Sai ga shi makon jiya shugabar ma'aikatan ta ja ni gefe, ta gaya mini cikin ladabi cewa har yanzu Baba bai san sunan ko mutum ɗaya daga cikin maƙwabtansa ba, kuma bai taɓa zama a babban ɗakin cin abinci ba, domin mu ne muke karɓo masa abincin mu kai ɗaki mu rufe ƙofa. Ta ce duk ranar da aka samu akasi babu wanda ya zo, wuni yake yi a bakin taga yana kallon inda ake ajiye motoci.

Maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Babban yayanmu yana ganin so suke mu ja baya don kada idonmu ya riƙa ganin sakacinsu, ni kuwa zuciyata tana gaya mini akwai ƙamshin gaskiya a abin da matar ta faɗa. Shin rage zuwa za mu yi? Idan mun rage, ta yaya za mu hana shi jin cewa mun yar da shi?

Mai jinyar dattawa ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Na daɗe ina aiki a irin waɗannan gidaje, kuma abin da kika kwatanta na gan shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A ganina, ba yawan zuwanku ne matsalar ba. Inda kuke zama idan kun zo, da abin da kuke ɗauke masa, su ne matsalar. Mutumin da ake rufe wa ƙofa tare da 'ya'yansa sa'o'i biyar a kullum bai tare a gidan ba tukuna, baƙo ne mai jiran a zo a ɗauke shi, kuma maƙwabtansa ma haka za su ɗauke shi, ba za su ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Ku fara da fitar da ziyarar daga ɗaki. Idan kin zo, ki ce masa, "Baba, mu je falo mu sha iska," ki zauna da shi inda jama'a suke, ki gaida dattijon da ke kujerar kusa, ki tambayi sunansa da aikin da ya yi a ƙuruciyarsa. Sau da yawa 'ya ce take ƙulla zumuncin da uba ba zai iya farawa da kansa ba, saboda nauyin baki ko jin kai irin na manya. Sa'annan ki daidaita lokacin tafiyarki da lokacin da wani abu zai fara, ko cin abinci ko motsa jiki na safe, ki raka shi har kujerarsa, ki yi masa sallama a nan. Rabuwa a bakin ƙofar ɗaki, inda zai juya ya tarar da shiru, ita ce take kai mutum bakin taga.

Abu na biyu, wanda iyalai ba su cika son ji ba, shi ne ku daina yi masa abin da zai iya yi da kansa. A shekarar 1976 wasu masanan halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, suka wallafa wani bincike da suka yi a gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Mazauna wani hawa an ba su shuka a tukunya aka ce su ne za su kula da ita, aka kuma bar musu zaɓin daren da za su kalli fim. Na wani hawan kuwa an ba su shukar amma ma'aikata ne ke shayar da ita, kuma an tsara musu komai. Bayan 'yan makonni aka ga na farkon sun fi kuzari, sun fi walwala, sun fi shiga mutane. Tukunyar shuka ce kawai fa! Saboda haka idan Baba zai ɗauki minti goma yana ɓalle maɓallin riga da hannu ɗaya, ki daure ki bar shi, ko da hannunki yana ƙaiƙayi.

Ina kuma ba ku shawara a duba jinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekaru 60 suna fama da raunin ji mai takura rayuwa. A ɗaki shiru, mutum ɗaya yana magana a gabansa, ba za ku lura ba. Amma a babban ɗaki mai ƙarar cokula da muryoyi ashirin, sai ya ji kamar an saka shi cikin ganga. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa ba sa son mutane, ba ji suke yi ba, kuma kunya ta hana su faɗa.

Ɗan Inna ya amsa:

Na yarda da mafi yawan abin da Malama ta faɗa, amma ina so in tsaya wa yayanku kaɗan, domin zarginsa ba na banza ba ne. Mahaifiyata ta yi shekaru a irin wannan gida, ita kuma ciwon mantuwa ne ya kai ta. Akwai lokacin da aka riƙa gaya mana a waya cewa ta daina shiga mutane, ta daina duba hotunan da take so, wai ciwon ne yake ci gaba. Da na je ba tare da sanarwa ba, wata Laraba da safe, sai na tarar babu tabarau a fuskarta. Ashe ya faɗa bayan gado kusan mako biyu, ma'aikatan da ke sauyin aiki kuma kowa ya ɗauka haka take tun asali. Ba mugunta ba ce, hannaye ne suka yi kaɗan, amma da ba mu je ba, da an rubuta a takardarta cewa ta lalace.

Don haka ko za ku sauya tsari, kada ku bar idonku ya rufe. Ku sa ranakun da Baba ya sani yake kuma sa rai, domin sanin ranar zuwa yana kwantar da hankali fiye da yawan zuwan, amma lokaci-lokaci wani ya leƙa a sa'ar da ba a saba ganinsa ba, musamman da yamma ko ƙarshen mako, lokacin da ma'aikata suka fi ƙaranci. Ku dubi farcensa, da fatar dugadugansa da bayansa, ku lura ko wandonsa ya fara yi masa yawa, ku danna ƙararrawar kira ku ga minti nawa za a ɗauka kafin wani ya zo. Ku kuma san sunayen masu yi masa wanka, ba shugabanni kaɗai ba, ku gode musu a gabansa. Su ne suke sanin daren da bai yi barci ba.

Wanda ya ga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen tsofaffi a ƙasashe da dama, ba zai yi wasa da ziyara ba. Ta bayan gilashin taga nake ganin mahaifiyata a lokacin, tana ɗora tafin hannunta a kan gilashin tana mamakin abin da ya hana ni shigowa. Abinci da magani ba su yanke mata ba, amma ta rame. Ga masu irin ciwonta, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sun haura miliyan 55 a duniya, zan ƙara da cewa ziyarar safe ta fi, domin da yawansu rikicewa take ƙaruwa idan rana ta yi sanyi. Wannan dai bai shafi Babanku ba, tunda kin ce hankalinsa lafiya lau.

Malamin makaranta mai ritaya ya amsa:

'Yata, na karanta tambayarki da amsoshin biyu, kuma abu ɗaya ya tsaya mini a rai: shugabar ma'aikata ta faɗi nata, yayanku ya faɗi nasa, ke ma kin faɗi naki, to shi mai ɗakin fa? Ni ma na ba saba'in baya, kuma babu abin da ya fi ci mini rai kamar a zauna a yanke shawara a kaina ina raye, ina ji, ina gani.

Asalin irin wannan gida ma a kan haka aka gina shi. Keren Brown Wilson, wadda ake danganta farkon tsarin da ita, ta buɗe gida mai suna Park Place a birnin Portland na jihar Oregon a shekarar 1983, bayan mahaifiyarta, wadda ita ma shanyewar ɓarin jiki ta kama, ta gaji da zaman gidan jinya inda ba ta da iko da komai. Abin da aka sa a gaba shi ne mutum ya samu ƙofar da zai kulle da hannunsa, ya kwanta lokacin da ya ga dama, ya karɓi baƙon da yake so. Ke nan ko ma'aikata ko 'ya'ya, babu mai hurumin tilasta masa shiga taro. Akwai mutumin da tun yana saurayi aboki ɗaya ya ishe shi, kuma tsufa ba zai mai da shi mai son hayaniya ba. A nemo masa wannan ɗayan, ya wadatar.

Ku kuma riƙa zuwa da jikoki, ko da za su yi ɓarna. A garin Deventer na ƙasar Holan akwai gidan tsofaffi mai suna Humanitas da yake ba ɗalibai ɗaki kyauta, su kuma su ba da sa'o'i 30 a wata suna zama da dattawan a matsayin maƙwabta. Sun gane cewa gidan da babu muryar yaro a cikinsa yana da wani irin nauyi. Jika ɗaya mai rarrafe a falo zai tara wa Babanku mutane fiye da duk wani shiri da aka liƙa a allon sanarwa.

Autar Baba ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, musamman Baba Malam, domin maganarka ta sa na ji kunyar kaina. Jiya na tambaye shi kai tsaye. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ya ce ba mutanen yake gudu ba. Hannunsa na hagu ne yake rawa, kuma ba ya son ya zubar da abu a jikinsa a gaban baƙi. Ya kuma amsa cewa ba ya jin abin da ake faɗa idan mutane sun yi yawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce zamanmu na wuni guda yana gajiyar da shi, amma ya kasa faɗa don kada mu ji haushi mu daina zuwa.

Shi da kansa ya zaɓi Talata da Juma'a da Lahadi, sa'o'i biyu-biyu. Mun nemi a duba kunnensa mako mai zuwa, an kuma yi alkawarin ba shi ƙaramin tebur na mutum biyu a gefe, da kofi mai murfi. Yayanmu bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce shi zai riƙa yin zuwan ba-zata, na ce masa hakan ma ya yi. Da zan tafi na bar Baba a falo kusa da wani dattijo mai keken guragu, wanda aka ce tsohon makanikin rediyo ne. Ban ji sun yi magana ba, amma da na waiwaya daga bakin ƙofa na ga Baba ya miƙa masa 'yar rediyonsa da ta daina kama tasha tun watan jiya.