Neman shawara: konsila na mayar mini da ƙasan ido toka-toka

Mai neman shawara
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah admin a ɓoye sunana. Matsalata baƙin ƙasan ido ne, tun ina yarinya nake da shi, haka ma mahaifiyata. Ni wankan tarwaɗa ce mai ɗan duhu. Na sayi konsila, wato kwalliyar da ake shafawa don rufe tabo da baƙi a fuska, mai kauri, irin wadda ake cewa tana rufe komai, na ɗauki wadda ta fi fatata haske sosai kamar yadda nake gani a bidiyo. In na shafa, da farko lafiya lau. Can sai wurin ya koma toka-toka, shi ba baƙi ba, shi ba kalar jikina ba. Kafin rana ta raba ta taru a layukan ƙasan ido ta tsattsage, sai in ga kamar na ƙara shekara goma. In na ƙara hoda abin ya ƙara bushewa. A hoto kuwa, da an kunna fitilar kyamara, fararen tabo biyu ne ke fitowa a ƙasan idanuna. Goshina da hancina masu maiƙo ne, amma ƙasan idon a bushe yake. Konsilar ce ba ta da kyau in nemi wadda ta fi ta kauri, ko hannuna ne? Wata ƙawata kuma ta ce in daina wahala, in nemi man da zai goge baƙin gaba ɗaya. Ku taimaka don Allah.

'Yar Auta
Ina nan ina jiran amsa, wallahi kamar ni kika rubuta wa.

Anti Mai Kwalliya
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ajiye kuɗinki, ba kauri ne ya yi miki ƙaranci ba. Haske kike ɗorawa a kan duhu, kuma duk wanda ya taɓa haɗa farin fenti da baƙi ya san ruwan toka suke haifarwa. Konsila komai kaurinta duhun da ke ƙasa yana leƙowa ta cikinta, musamman in ɗumin jiki ya sassauta ta. Shi ya sa kike ganin lafiya da farko, daga baya abin ya juye.

Sai kin fara kashe duhun da kala kafin ki rufe shi. Ki nemi korekta. Kamar konsila take, amma kalarta ruwan lemo ce ko ja-ja. Baƙin ƙasan ido yawanci da shuɗi-shuɗi ko toka a cikinsa, ruwan lemo kuwa shi ne kishiyar shuɗi, in sun haɗu sai su cinye juna, abin da zai rage ya yi kusa da launin fata. Fara tas takan ɗauki ruwan lemo mai haske wanda ya karkata ga ruwan hoda. Mai irin kalarki ruwan lemo sosai. Wadda ta fi ki duhu ta ɗauki mai ja, kalar jan bulo. L.A. Girl suna da ta ruwan lemo a cikin jerin Pro Conceal, wasu kamfanonin ma da yawa suna yi.

Ga yadda nake yi wa masu irin idonki. Bayan an wanke fuska a shafa man ƙasan ido mara nauyi, a ba shi minti biyu ko uku ya shige. Wannan jiran da ake rainawa shi ne rabin aikin, don in man yana kwance a sama duk abin da kika ɗora zamewa zai yi. Sai korekta, kamar kan ashana, a inda duhun yake kawai: lungun ido ta wajen hanci da ɗan kwarin da ya gangaro daga nan. Ki daddanna da yatsan da ake sa wa zobe, shi ne mafi sanyin hannu. Kada ki ja, kada ki murza. In kin duba madubi kika ga lemo ɓaro-ɓaro, ta yi yawa, ki rage da soso. So ake duhun ya dusashe, ba ki koma mai jan ido ba. Bayan ta kama, ki ɗiga konsila daidai kalar fatarki, ko wadda ta ɗara ta haske da mataki ɗaya rak, ɗigo biyu ko uku ƙanana. Ki ba ta kamar rabin minti ta ɗan yi danƙo sannan ki daddanna, ta fi rufewa a haka.

Wannan ƙaton alwatika da kike gani ana zanawa daga ido har kumatu, aikin gaban kyamara ne da manyan fitilu, wasu ma da filta a kai. Ido da ido, a hasken rana, ba wanda yake yi wa kyau.

Uwar Biyu
Ni dai konsilar Tarte Shape Tape nake amfani da ita, tana rufewa sosai, ɗigo ɗaya ya isa ido biyu. Amma busasshiya ce in ta kama, wadda ƙasan idonta ke bushewa sai ta jiƙa wurin da mai sosai tukuna. In kala ce damuwarki ki duba Fenty, konsilarsu ta Pro Filt'r da ta fito a 2019 kala 50 ce, da wuya ki rasa taki.

Anti Mai Kwalliya
Gaskiya ne Uwar Biyu, tun da Fenty suka fito da fandeshan kala 40 a 2017 sauran kamfanoni suka farka, masu duhun fata muka samu sa'ida. Amma yawan kala ba shi ne zaɓe ba. Ƙanwata, in za ki gwada, ki shafa a ƙasan idon ko a kumatu, ba a bayan hannu ba, ki fita hasken rana, ki jira kamar minti goma sha biyar. Wasu suna ƙara duhu ko su yi ja bayan sun sha iska sun haɗu da maiƙon jiki. Ki kuma lura da launin da ke ƙarƙashin fatarki, ko mai rawaya-rawaya ce ke ko mai ja-ja. Konsila mai sanyin kala, wadda ta karkata ga ruwan hoda, ita ma tana jawo tokar nan ko da kin dace da haskenta.

Gimbiya
Ki yi bekin kawai 'yar uwa. Ki lafta hoda da jiƙaƙƙen soso, ki bar ta minti biyar zuwa goma, ki share da burushi. Ni tawa ba ta motsi har dare.

Hajiya Babba
Gimbiya 'yata, shekarunki nawa? Ki bari ki haura talatin da biyar ki dawo ki ba mu labari. Bekin na mai maiƙo ne da wadda fatarta take a ɗame. Ita ta ce miki wurin a bushe yake, in ta lafta hoda ta bari ta zauna, duk ɗan danshin da ya rage hodar za ta tsotse, layin da ba ta san tana da shi ba ma sai ya fito. Fatar kewayen ido ita ce mafi siranta a jiki, ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma ba ta fitar da maiƙo kamar goshi. Ga ƙiftawa, sau goma sha biyar zuwa ashirin a minti ɗaya, ga dariya, ga yamutsa fuska. Wurin da ke motsi haka, duk abin da ya yi kauri dole ya karye.

Abin da nake yi: kafin hoda, in ɗaga idona sama, in danna soson a kan layukan har su baje. Nan take, kafin in ƙifta da yawa, in taɓa ƙaramin burushi a hoda, in kaɗe shi har sai na ga kamar ba komai a jiki, in danna sau biyu. Shi ke nan. In kika sa hoda alhali konsilar ta riga ta taru a layi, to kin ɗaure layin ke nan har dare. Da rana in ta sake taruwa, kada ki ƙara komai, ki danna da tsaftataccen yatsa, ɗumin hannunki zai baje ta. Kuma a faɗi gaskiya, babu konsilar da ba ta shiga layi ko kaɗan, ragewa ake yi.

Gimbiya
Na ji Hajiya, ashirin da uku nake. Na janye bekin ɗina.

Sista Nas
Ni maganar ƙawarki ce ta tsaya mini. Don Allah kada ki kai man bilicin kusa da idonki. Da yawansu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wasu haidirokwinon, sinadarin da ke haskaka fata, wasu har zaiba. Sitiroyid sirantar da fata yake yi, jijiyoyin jini su ƙara bayyana, wato baƙin da kike gudu ya ƙaru. In aka daɗe ana shafa shi a kewayen ido yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Haidirokwinon kuma in aka ɗauki lokaci ana amfani da shi yana iya barin wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Amurka ma tun 2020 sai da takardar likita.

Sannan baƙin ƙasan ido ba iri ɗaya ba ne. Tsaya gaban madubi, ki ɗan ja fatar a hankali zuwa gefe. In launin ruwan ƙasa ne kuma yana nan daram yana bin fatar, a jikin fatar yake, irin na gado ke nan ko na rana ko na yawan murza ido. In shuɗi ne ko shunayya, jijiyoyin jini ne ke nunawa ta cikin siririyar fata, irin wanda rashin barci da toshewar hanci ke ƙara wa ƙarfi. In kuma kin ɗaga fuskarki ta fuskanci haske kika ga duhun ya ragu sosai, inuwa ce, wurin ne ya ɗan zurma. Mutum ɗaya na iya haɗa biyu ko duka ukun.

Tunda mahaifiyarki ma tana da shi, da alama gado ne, kuma na gado ba ya gogewa da mai, sai dai a hana shi ƙaruwa: man kariya daga rana kullum, tabarau in rana ta yi zafi, a daina sosa ido. In idonki na yawan ƙaiƙayi ko kina yawan atishawa, ki nemi maganin alajin, don sosar kanta tana ƙara baƙi. In kuma kina jin kasala, jiri ko haki, a duba miki jini, ƙarancinsa yana sa fuska ta koɗe duhun ya fito. Masu son man ido mai retinol, wani sinadarin gyaran fata, su fara da kaɗan, mai ciki kuma ta bar shi gaba ɗaya.

Mai neman shawara
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Sista na gwada, launin ruwan ƙasa ne yana bin fatar, amma ta wajen hanci da na kalli taga sai ya ragu. Anti, wannan na inuwar ma korekta zan sa masa? Kuma har yanzu ba a ce komai kan farin da ke fitowa a hoto ba.

Anti Mai Kwalliya
A'a, inuwa ba ta jin korekta, tunda ba kala ba ce. A nan ne konsilarki mai haske za ta yi amfani, kada ki yar da ita. Bayan kin gama duk abin da na faɗa, ki sunkuyar da kai kaɗan ki kalli madubi, za ki ga layin kwarin ya fito sarai. Da siririn burushi ki ja haske a cikin kwarin kawai, ki daddanna. Kada ya hau kan tudun da ke samansa, in ya hau sai kumburin ya ƙara fitowa.

Na hoto kuwa ki juya bayan hodarki ki karanta. Fararen hodar nan masu laushi da ake rubuta wa HD yawanci silika ce zalla, tana mayar da hasken fitilar kyamara. Konsila ko mai da ke da SPF, wato kariya daga rana, na sinadarin zink ko taitaniyom su ma suna iya yi. In kin san za a yi hotuna da dare, ki yi amfani da hoda mai kala, mai rawaya-rawaya ko daidai jikinki, kuma kaɗan. Kafin ki fita ki kashe wutar ɗaki ki ɗauki kanki da fitilar waya, abin da kika gani shi kowa zai gani.

Uwar Biyu
A ƙara da wannan: ki duba jikin robar konsilar, akwai hoton ɗan gwangwani a buɗe da 6M ko 12M, watannin da za ta yi ke nan bayan an buɗe. In ta wuce, ko ta canja wari, ko mai ya rabu ya taso sama, a yar. Soso a riƙa wankewa, jiƙaƙƙen soso a rufaffiyar jaka gidan ƙwayoyin cuta ne, ga shi kusa da ido ake kai shi. Wajen cirewa da dare, ki jiƙa auduga da ruwan goge kwalliya, ki ɗora a kan idon ki ƙirga ashirin, sannan ki share a hankali. Ragowar kwalli da maskara da ake kwana da su ma suna sa wurin ya yi duhu da safe.

'Yar Auta
Anti, ni ba ni da korekta, jan baki zai yi? Na ga ana yi.

Anti Mai Kwalliya
Yana kashe duhun, amma ban ba ki shawara ba. Akwai sinadaran kala da aka amince a sa a leɓe amma ba a amince a kai su kewayen ido ba, ga maiƙonsa yana sa konsila zamewa. In kina da konsila ko fandeshan da ta fi ki duhu kaɗan mai ja-ja, ki fara shimfiɗa ita siririya, sannan ki ɗora kalarki a kai, za ta riƙe ki kafin ki samu korektar.